Sanyin Dakota da tankin masai na motar kwana: inda ƙanƙara ke fara kamawa da yadda ake tare ta

"Yaya, galan nawa na ruwan nan mai launin hoda zan juye a masai don kada tanki ya daskare?"

Tambayar da wani ƙanena ya yi min ke nan ta waya a ƙarshen watan Oktoba. Ya samu aiki a filayen haƙar mai da ke kewayen Williston, can jihar Dakota ta Arewa. Ya duba kuɗin haya ya ga ya fi ƙarfinsa, sai ya sayi tsohuwar tirelar kwana, irin wadda ake ja da a-kori-kura, ya ce a cikinta zai yi sanyin bana. Ba shi ne farau ba. Lokacin da harkar man Bakken, wato yankin man da Williston ke cikinsa, ta bunƙasa, wajen 2010 zuwa 2014, ma'aikata sun cika garin har gidaje suka yi ƙaranci, kuma da yawansu a irin waɗannan tireloli suka zauna shekara da shekaru. Ni ma na yi sanyi biyu a cikin irinta a arewacin Minnesota, shi ya sa ya neme ni. Na ce masa tambayarsa tana da amsa, amma ba daga nan ya kamata ya fara ba. Wanda ya dogara da ruwan hoda kaɗai, wato ruwan hana daskarewa, zai kashe kuɗinsa, kuma tankin ya daskare masa.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, motar kwana ɗaki ne a kan taya, da gado da kicin da makewayi da wurin wanka. Amurkawa na ce mata RV, kuma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Tunda ba ta da sokawe, komai nata a jikinta yake. A ƙarƙashin daɓe akwai tankuna uku na roba mai tauri: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na masai, wanda masu abin ke kira baƙin tanki. A matsakaiciyar tirela tankin masai kan ɗauki galan 30 zuwa 40, wato kimanin lita 115 zuwa 150. Daga gindinsa bututu mai faɗin inci 3 ke fita zuwa gefen mota, na tankin wanke-wanke kuma galibi inci ɗaya da rabi ne. Kowane da bawul ɗinsa, kuma a baki ɗaya suke haɗuwa, inda ake jona tiyo mai lanƙwasa zuwa ramin zubar da ƙazanta na sansani, wato filin da ake biya a ajiye irin waɗannan motoci a zauna. Bawul ɗin wani ɗan faranti ne na roba mai tauri da ke zamewa tsakanin zobba biyu na roba mai laushi. Ka ja hannunsa ya buɗe, ka tura ya rufe. Ka riƙe siffarsa a ranka, domin a wurinsa maganar za ta yi ta komawa.

Kalmar hunturu ba ta ɗaukar sanyin da ake magana a kai. Namu na gida, ko a Jos ko a Damagaram, yana fasa leɓe da diddige, amma ba ka wayar gari ka tarar ruwan randa ya zama dutse. A Williston daren Janairu kan sauka wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas ba tare da kowa ya ce wani abu ya faru ba. A garin Tower na Minnesota an taɓa auna digiri 51 ƙasa da sifili ranar 2 ga Fabrairun 1996. Sannan ruwa yana da wata ɗabi'a da duk mai firiza ya sani: idan ya daskare yana kumbura, da kimanin kashi 9 cikin 100. Shi ya sa kwalbar lemon da aka manta a firiza ke wayar gari a fashe.

To, amma ruwa ba ya saurin miƙa wuya. Bayan ya yi sanyi har ya kai sifili, sai an ƙara zuƙe masa wani zafi mai yawa kafin ya koma ƙanƙara. Zafin da kilo ɗaya na ruwa ke saki wurin daskarewa ya kai wanda za a buƙata a ɗaga shi daga sifili zuwa digiri 80. Saboda haka tankin da ke ɗauke da lita 100 yana da ajiyar zafi mai kauri, kuma dare ɗaya na sanyi mai sauƙi ba ya iya mayar da shi dutse. Yanzu dubi bututun da ke gabansa. Tsawon ƙafa ɗaya na bututu mai inci 3 bai wuce lita ɗaya da rabi ba, na inci ɗaya da rabi kuwa ko rabin lita bai kai ba. Ga shi a waje, iska na dukansa ta kowane gefe, ruwan kuma a tsaye yake a bayan bawul. Nan ƙanƙara ke fara kamawa, cikin 'yan sa'o'i, alhali ruwan cikin tanki ko hucewa bai gama yi ba.

A nan kuma ɓarna ta fi yawa. Cikin tanki akwai sarari a sama, ƙanƙara na da wurin da za ta kumbura. A bututu babu. Idan wani toshe na ƙanƙara ya kama a gwiwa, ruwan da ya rage tsakaninsa da rufaffen bawul ba shi da mafita, sai ya matsa har bututu ya tsage ko zoben roba ya goce. Don haka idan mutum ya ce tankinsa ya daskare, sau da yawa tankin lafiya lau yake. Ƙofarsa ce ta toshe. Duk dabarar da za a yi, a fara auna ta da wannan tambaya: me ta yi wa bawul da ɗan bututun da ke bayansa?

Dabara ta farko ko kwabo ba ta ci. A bar bawul biyun nan a rufe. Tankin masai dama ko da rani ba a barinsa a buɗe, domin ruwa zai tsiyaye ya bar mai kauri ya taru a ƙarƙashin bakin masai ya bushe ya zama tudu. Na wanke-wanke shi ne mutane suka saba bari a buɗe idan suna jone da ramin sansani, kuma da rani hakan ba ya cutarwa sosai. Da sanyi kuwa shi ne tarko. Tiyon nan mai lanƙwasa ciki duk ƙwarya-ƙwarya ne, kowane ɗan ruwa da ya bi ta ciki sai ya bar saura a cikin tsagogin. Sauran ya daskare, na baya ya hau kansa, a haka a haka har hanya ta rufe, tiyo ya sandare kamar gungume. Idan ka yi ƙoƙarin lanƙwasa shi a wannan hali, karyewa yake yi.

Wannan ya fi shafar irinmu. Musulmi yana taɓa ruwa sau da yawa a rana, kuma kaɗan-kaɗan: alwalar Asuba tun duhu, lokacin da sanyi ya fi tsanani, ga ta Magariba da Isha bayan rana ta faɗi. Buta ɗaya ta ruwan alwala ita ce daidai irin ruwan da ba ya isa rami, a hanya yake mutuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, tsarki da ruwa alheri ne ga tankin masai. Babban abin da ke lalata wannan tanki shi ne ƙarancin ruwa da yawan takarda, mu kuwa ruwa muke ƙara masa. Zai fi saurin cika, za ka fi yawan zubarwa, amma abin da ke ciki zai kasance mai gudu, kuma yawansa na taimaka masa riƙe zafi.

Zubarwar ita ma da tsarinta. A jira tanki ya kai kashi biyu bisa uku, don nauyin ruwa ya tura komai waje da ƙarfi a lokaci ɗaya. A zaɓi tsakar rana, tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da sanyi ya ɗan sassauta. A fara da na masai, a rufe, sannan a buɗe na wanke-wanke don ruwan sabulu ya ɗauraye tiyo. Ni kafin in fita nakan sake ruwan ɗumi a wurin wanka na ɗan lokaci, don abin da zai bi tiyo daga ƙarshe ya zama mai ɗumi. Daga nan a ɗaga tiyo tun daga wajen mota ana bi da shi har bakin rami don ya tsiyaye tas, a cire shi, a ajiye inda ba zai daskare ba. Wanda zai zauna wuri ɗaya wata da watanni, gara ya bar tiyo ya sa bututun roba mai tauri mai santsin ciki, ya ba shi gangara, aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa ɗaya, kamar yadda masu aikin famfo ke yi a gidaje. Ruwa ba ya samun wurin kwanciya a cikinsa.

Sai a zo kan ruwan hoda da ƙanena ya tambaya. Ruwan hana daskarewa ne da aka yi musamman don bututun motocin kwana da jiragen ruwa. Mai kyansa da sinadarin furofilin gilaikol ake yi, wanda ba ya da guba irin ta na injin mota. A jikin galan za ka ga an rubuta 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Faranhait, wato kimanin 46 ƙasa da sifili a Salshiyas, kuma wannan lambar tana ruɗin mutane. Ba tana nufin ruwan zai ci gaba da gudu har zuwa wannan sanyi ba. Tun wajen digiri 10 ƙasa da sifili yake fara kauri yana yin kamar kunu. Alƙawarin da lambar ta ɗauka shi ne ba zai kumbura ya fasa bututu ba sai an kai can. Kuma wannan alƙawarin na ruwan da ba a sirka ba ne. Ka juye galan ɗaya, lita huɗu ba kaɗan, a cikin lita 100 na ƙazanta, ka sirka shi har ya tashi daga aiki: ko digiri ɗaya ba zai rage wa ma'aunin daskarewa ba. Wanda ke son ya kare cikakken tanki da shi kaɗai, sai ya zuba kusan yawan abin da ke cikin tankin, ka ga ya cika tanki da magani ke nan ba wurin ƙazanta.

Amfaninsa na gaskiya yana wurin lokaci. Da zarar ka gama zubarwa ka rufe bawul, tanki babu komai, sai ka juye lita biyu ko uku ta masai, wasu kuma ta magudanar wanka. Zai gangara kai tsaye ya kwanta a wuri mafi ƙasa, wato bayan bawul, ya cika ɗan bututun nan da muka ce shi ne farkon kamawa. A hankali zai gauraya da abin da ke zuwa daga baya, amma ya riga ya tsare ƙofa a kwanakin farko, lokacin da ruwan tanki ke da kaɗan kuma ya fi saurin daskarewa. Haka nan kofi ɗaya a magudanar wanka kafin a kwanta yana kare 'yar gwiwar nan ta ƙarƙashin daɓe da ke riƙe ruwa don tare wari.

Abin da ba a kusanta shi ne ruwan lagireto na injin mota. Shi da etilin gilaikol ake yi, guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da ɗan zaƙi da ke jan karnuka da kyanwoyi, kuma bai halatta ya shiga ramin ƙazanta ba. Ruwan wanke gilashin mota na sanyi shi ma akwai metanol a ciki, wanda guba ne. Gishiri kuwa, gaskiya ne yana hana daskarewa, ruwan da ya ƙoshi da gishiri sai wajen digiri 21 ƙasa da sifili yake kamawa. Sai dai kafin lita 100 ta ƙoshi tana buƙatar kimanin kilo 36, sannan gishirin ya bi ya ci ƙarfen da ke jikin bawul da ƙarƙashin mota.

Tunda magani ba ya wadatarwa, abin da ya rage shi ne zafi, da kuma hana shi gudu. A yawancin tirelolin da aka rufe musu ciki, wato aka shimfiɗa wani falanki a ƙarƙashin tankuna, babbar hitar gas ta motar tana da wani ɗan bututun iska da ke hura ɗumi cikin wannan rufaffen wuri. Duk lokacin da hitar ta tashi don ɗumama ɗaki, tankuna na samun rabonsu. Idan ba ta tashi ba, ba su samun komai.

Wannan ni a jikina na koye shi. A sanyina na farko, gas yana ƙarewa kamar ana zuƙe shi, wutar lantarki kuma tana cikin kuɗin wurin da nake biya. Sai na sayi ƙananan hita biyu na lantarki na kunna a ɗaki. Ɗaki ya yi ɗumi, na'urar da ke auna zafi a bango ta ga babu buƙata, babbar hita ta yi shiru kwana uku. A rana ta huɗu na fita da safar hannu zan zubar da tanki, na kama hannun bawul na ja, ko motsi bai yi ba. Na durƙusa a kan dusar ƙanƙara na haska tocila, sai ga wani siririn farin layi na ƙanƙara ya fito ta gefen zoben bawul, bututu kuma na ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar dutse. Wani dattijo da tirelarsa ke kusa da tawa ya zo ya tsaya a kaina. Bai tambaye ni komai game da tanki ba. Cewa ya yi, "Yaushe rabon da in ji hitarka ta tashi?" Ashe yana sauraron ƙarar bututun hayaƙina, ya kuma lura ya daina ji. Hankalina ya tashi ƙwarai a ranar, domin tanki ya kusa cika, makewayin sansani kuma an rufe shi tun kaka.

Ba wai hitar lantarki haramun ba ce. Abin kiyayewa shi ne a saita ta ƙasa yadda babbar hita za ta ci gaba da tashi lokaci-lokaci, musamman da dare. Kuma gara mutum ya san lissafin gas tun da wuri. Ƙaramar tukunyar furofen, wato gas ɗin da hitar ke ci, wadda aka fi sani a Amurka, tana ɗaukar laba 20, kimanin kilo 9, ba ta kai tukunyar kilo 12.5 da muka saba girki da ita a Najeriya ba. Matsakaiciyar hitar tirela, idan tana ci babu tsayawa, cikin kimanin sa'a 14 za ta shanye ta. A tsananin sanyi, inda hita ke aiki rabin lokaci, tukunya ɗaya kwana ɗaya da 'yan sa'o'i ke nan. Shi ya sa masu zaman dindindin ke hayar babban tanki daga kamfanin gas a ajiye musu a gefen tirela. Furofen ɗin ma an zaɓe shi ne don yana iya zama iska har zuwa digiri 42 ƙasa da sifili, butan kuwa, wani nau'in gas ɗin girki, tun a bakin sifili yake kwanciya ya ƙi fita.

Hanya ta biyu ita ce faifan ɗumi na lantarki da ake mannawa a gindin tanki, kamar filasta. Yana da na'urarsa da ke kunna shi idan zafi ya sauka wajen digiri 7, ta kashe idan ya hau wajen 18 zuwa 20. Akwai ƙanana da aka yanka daidai gwiwar bututu da jikin bawul, kuma a ganina waɗannan ƙananan sun fi babban muhimmanci, duk da su ne mutane ke tsallakewa. Ba a kunna faifan a kan tankin da babu ruwa, domin ruwan ne ke kwashe zafin. Idan babu shi, roba ce za ta sha. Sannan a yi lissafin wuta. Irin mai aiki da batir, kowane babban faifai kan ja wajen amfiya 5 zuwa 7. Guda uku sun kusa amfiya 20, ga fankar babbar hita da ita ma ke jan nata. Batirin dalma mai lamba 100, wato mai ajiyar amfiya 100 na sa'a ɗaya, rabinsa kawai ake iya ci ba tare da an lalata shi ba, sanyi kuma yana ƙara rage masa ƙarfi. Ka ga cikin sa'a uku ya durƙushe. Faifan ɗumi na wanda ke jone da wutar sansani ne, ko mai janareta, ko wanda ke kan hanya inji na caji. Masu batirin litiyam kuma su tuna ba a cajinsa idan shi kansa ya yi sanyi ƙasa da sifili, sai irin wanda aka yi masa abin ɗumama kansa.

Duk wannan zafin a banza yake tafiya idan iska na ratsa ƙarƙashin mota. Iska ba ta iya sanyaya bututu fiye da sanyin da ake ciki, amma tana kwashe masa zafi da sauri, ta mayar da aikin kwana biyu na dare ɗaya. Dakota kuwa fili ne fetal, iska ba ta da abin da zai tare ta. Maganin shi ne a ɗaura wa tirela zani, masu abin suna ce masa siket: a kewaye ta tun daga gindin bango har ƙasa, ko da tamfol mai kauri da aka ɗinka don haka, ko da falankin kumfa mai tauri da ake sa wa bangon gidaje, a liƙe duk wata kafa da salatif mai ƙarfi. Da an rufe, ɗumin da ke sauka daga daɓe da wanda ƙasa ke fitarwa sai su taru a ciki. Dusar ƙanƙara ma, idan aka tara ta a gindin siket, tana ƙara toshe iska. Idan da abu ɗaya kawai ƙanena zai iya yi da kuɗin hannunsa, wannan zan ce ya yi. Ya kuma sayi ɗan ma'aunin zafi mai aiko da lamba daga nesa, ya rataye kan ma'aunin a jikin bawul, ya ajiye allonsa kusa da gado. Da shi zai daina zato, ya riƙa ganin abin da ke faruwa a ƙasansa da ƙarfe uku na dare.

Akwai masu kewaye tirela da damin ciyawa ko tattaka don araha. Yana tare iska, amma yana tara ɓeraye, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Haka sa ƙaramar hita a cikin siket: ana yi, yana kuma aiki, amma sai a ɗora ta a kan bulo nesa da kumfa da tamfol, da waya mai kauri da aka yi don waje. Abin da na fi jin tsoro ma shi ne hayaƙin da ba a gani. Bututun hayaƙin babbar hita da na tukunyar ruwan zafi a gefen mota suke fita, kuma dole su kasance a wajen siket, a kuma riƙa share musu dusar ƙanƙara bayan kowace guguwa. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Na'urar gargaɗinta a ɗaki wajibi ce, a kuma gwada ta kafin sanyi ya shigo. Wanda ya hau share rufi ya duba bututun numfashin tankin masai da ke can sama, domin raɓa na daskarewa a bakinsa ta toshe shi, wari ya dawo ɗaki.

Kada kuma a yarda da rubutun da ke jikin mota. A Amurka kamfani na iya manna wa tirela tambarin cewa ta kowane yanayi ce, alhali babu wani ma'auni guda da doka ta ɗora wa wannan kalma. Wata an rufe mata ciki har da bawul, wata kuwa tanki na ciki amma bawul na waje yana shan iska. Sai mutum ya kwanta ya leƙa da idonsa. A Turai abin ya fi tsari. Ƙa'idar EN 1646-1 ta ware motocin kwana aji-aji, kuma aji na 3 shi ne motar da aka gwada a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili ta iya ɗumama cikinta zuwa 20 cikin sa'a huɗu. Motocin Turai kuma galibi ba su da babban tankin masai. Wani ɗan akwati ne mai ɗaukar lita 17 zuwa 20 da ake zarowa ta gefe a kai wurin zubarwa da hannu, kuma yana zaune ne a cikin jikin mota inda ɗumi ke kaiwa. Ruwan wanke-wanke kuwa, masu zuwa tsaunukan Alps da sanyi sukan bar bakin bututu a buɗe su tara bokiti mai faɗin baki a ƙasa. Ko ya daskare, a kife shi ƙanƙarar ta faɗo.

Wannan dabarar ta bokiti tana nuna wata hanya da bai kamata a raina ba. A watan Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya rufe jihar Texas wuta ta ɗauke wa miliyoyin gidaje na kwanaki, duk wanda kariyarsa ta rataya a kan lantarki ya wayi gari ba shi da komai, har da waɗanda suka gudo kudu da motocinsu don tsere wa sanyin arewa. Idan sanyi ya wuce abin da motarka za ta iya, ko tafiyar ta kwana biyu ce kawai, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A zubar da tankuna duka, a busa iska a bututun ruwa ko a cika su da ruwan hoda, a koma jarka da buta. Ruwan alwala da na wanke-wanke a tara a roba a kai inda sansani ya tanada. Masai kuma ko a yi amfani da na sansani idan yana buɗe, ko ƙaramin masai na ɗauka da ke zaune cikin ɗaki.

Idan kuwa an riga an makara, bawul ya kama, abu na farko shi ne a cire hannu daga kansa. Jan ƙarfi ko bugu da guduma yana karya sandar ko ya yaga zoben roba, kuma ranar da ƙanƙara ta narke abin da ke cikin tanki ba shi da mai tare shi. Ba a kusanto da wuta mai harshe, domin roba ce, ga gas a kusa, ga iskar da ƙazanta ke fitarwa wadda ita ma tana kamawa. Ba a kuma juye tafasasshen ruwa a masai: yana iya tsaga roba mai sanyi ko kwanon tangaran, kuma idan hanya a toshe take ƙara wa tanki kaya kawai aka yi. A daina amfani da masai, a kunna babbar hita sosai, a kewaye wurin bawul da kwali ko tamfol don iska ta daina shiga, sannan a sa na'urar busar da gashi ana yawo da ita a jikin bututu, ana farawa daga bakin fita ana komawa wajen tanki, don abin da ya narke ya samu hanya. Nawa, ni da dattijon nan mun fara bayan Azahar, sai gab da Magariba hannun ya motsa da ɗan taɓi kaɗan. Da tankin kansa ne ya zama dutse, da sai an ja tirelar zuwa garejin da ake ɗumamawa ta kwana ɗaya ko biyu a can.

Bayan an zubar an rufe, aikin bai ƙare ba, domin tsagar da ƙanƙara ta yi siririya ce, ido ba ya saurin kama ta. A zuba ruwan ɗumi bokiti biyu a tanki, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin bawul da gwiwoyin bututu, a bar wurin da ɗuminsa a dawo bayan sa'a ɗaya. Idan kwali ya jiƙe, a canza zobban roba ko bawul ɗin gaba ɗaya kafin a sake amfani da masai. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi.